Tsohuwar safar besbol da na tsinta a gwanjo, yadda aikin yake tafiya

7 ga Satumba 2024

Bismillah. Zan riƙa rubuta yadda aikin nan yake tafiya saboda kar in manta abinda nayi da abinda ya rage, ko Allah zai sa wani ɗan'uwa mai sha'awar fata ya ƙaru ko ya ƙarar dani.

Yau da safe na raka maman yara kasuwar gwanjo, ita tukwane ta je nema ni kuma ina ta zagaye kawai, sai na hango wani kwali a ƙarƙashin teburin wani dattijo bature cike da tarkace, tsofaffin kwaɗuna, matattun agoguna, hotunan mutanen da, can ƙasa sai ga wani abu baƙi a ƙanƙame kamar ƙirgin da aka manta a rana. Na ɗago, ashe safar hannu ce ta besbol. Amma fa ba irin wadda ɗana yake zuwa fili da ita ba, tasa doguwa ce mai zurfi kamar ɗan kwando, wannan kuwa gajeriya ce da kaɗan ta fi tafin hannuna, yatsu biyar kowanne a ware yayi kauri kamar rogo, babu igiyar da ta haɗa su, sai wani ɗan maɗauri guda tsakanin babban yatsa da manuni, shi ma ya tsinke ta gefe ɗaya. A wuyan hannun akwai maɓallin ƙarfe duk yayi tsatsa.

Dala 25 yace, ban ja ba na biya. Ni ɗan dukawa ne, basilla da zare muka buɗi ido muka gani a zaure, na ajiye sana'ar tunda na zo Amurka na kama tuƙi amma har yau in na taɓa fata hannuna yana riga idona gane ta. Da na leƙa cikin safar naga ɗinkin wallahi tsigar jikina ta tashi, a juye aka ɗinka ta a keke sannan aka birkito ta yatsa bayan yatsa, kuma layin bai karkace ko sau ɗaya ba har cikin lungun da babu mai saye da zai taɓa leƙawa.

Dattijon yana naɗe min ita a jarida yace in ina son sanin asalin cinikin irin kayan nan in sauka Manhattan in nemi titin Nassau, a nan shagon Peck & Snyder yake tun kafin duniya ta san kamfanin kayan wasa na Spalding. Na rubuta sunan a bayan rasit.

Abu uku nake so in yi: in raya safar, in gano zamaninta da shagon nan, sannan in ɗinka ƙwallo irin na wancan lokacin da hannuna.

15 ga Satumba

Sati guda ban sa mata komai ba sai burushi mai laushi. Ƙura da wani farin fumfuna na ta kakkaɓewa daga tsakanin yatsun. Jiya na kira Baffa a WhatsApp na haska masa ita, ya daɗe yana kallo yace matso da ita kusa, nace to Baffa, yace wannan jimar ba ta bagaruwa bace amma wanda ya jeme ta ya san aikinsa, sannan ya ja min kunne yace kul ka jiƙa ta da ruwa, kuma kul ka tuttula mata mai, tsohuwar fata kamar mai buɗa baki ce, kaɗan kaɗan ake ba ta. Nace insha Allah Baffa.

Na sayo sabulun fata irin wanda masu doki suke wanke sirdi da shi, da ɗan man ulun tumaki. Tsumma mai ɗan danshi kawai, in goga wuri kamar faɗin kwabo in bari ya bushe in koma wani. Baƙin yana fita, launin ƙasa-ƙasa mai kyau yana tasowa a ƙarƙashi.

21 ga Satumba

Kwana uku ina karatu da dare a kan Peck & Snyder bayan na ajiye mota, har maman yara ta fara tambaya ko jarrabawa zan zauna.

Ga abinda ya zauna min. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, besbol ta bazu kamar wutar daji, kowane gari da unguwa sai kulob, to kulob kuwa yana buƙatar ƙwallo da sanda da riga da hula da belet. A 1866 Andrew Peck da W. Irving Snyder suka haɗa hannu suka buɗe shago a New York, shi Peck ɗinkin ƙwallo ya fara da shi, wannan ne ma ya sa na ji mutumin ya shiga raina, dan ba ɗan kasuwa kawai bane, hannunsa ya san allura. Suka ɗan yi ƙaura cikin unguwar kafin su zauna a lamba 126 titin Nassau. Kuma ba besbol kaɗai suke sayarwa ba, da rani ƙwallo da sanda, in sanyi ya shigo ruwa ya daskare sai takalmin sulu a kan ƙanƙara, ga kayan kamun kifi, ga na tanis, ga fitilar nuna hotuna a bango, har kayan siddabaru. Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san dalili, kaya ɗaya baya ciyar da gida wata goma sha biyu.

Abinda yafi sa ake tuna su yau shine kati. A 1869 suka ɗauko hoton 'yan wasan Cincinnati Red Stockings, mutum goma, suka manna a ɗan kwali, a bayansa suka buga tallar shagonsu, suna rabawa. Ita wannan ƙungiya ita ce ta farko da ta fito fili tace duk 'yan wasanta albashi take biyansu, kuma a wannan shekarar babu wanda ya doke ta, sai ranar 14 ga Yuni 1870 da Brooklyn Atlantics suka kayar da ita 8 da 7 a nan Brooklyn. To ka ga dabarar 'yan kasuwa, mutum zai yar da takardar talla amma ba zai yar da hoton gwanayensa ba, sai ya sa a aljihu da sunan shagonka a baya. Masu tara katunan besbol suna lissafa wannan cikin na farko-farko a tarihi. Na karanta labarin wata tsohuwa a Fresno ta jihar Kalifoniya da ta tsinci ɗaya cikin tarkacen shagonta, ta sa shi a eBay dala 10, tambayoyin da mutane suka yi ta jero mata ne suka sa ta janye shi, a 2009 aka yi gwanjonsa sama da dala 75,000.

Na ƙura wa hoton ido a waya na ƙara girmansa, hannayensu nake kallo. Babu mai safa ko ɗaya. A cikinsu akwai Doug Allison, shine mai tsayawa bayan mai bugu yana cafe abinda mai jifa ya jefo, aikin da yafi kowanne cin yatsu, kuma shine aka ruwaito ya sa safar fatar barewa a 1870 saboda hannunsa ya ji ciwo. Akwai kuma George Wright da yayansa Harry. Shi George daga baya a Boston ya buɗe nasa shagon kayan wasa, Wright & Ditson. Ashe tun farko masu wasan ne suke komawa masu shago.

29 ga Satumba

Gani ya kori ji. Yau na ɗauki ɗana muka hau jirgin ƙasa lamba 4 daga tashar filin Yankees, ƙungiyar besbol ta nan New York, muka sauka Fulton, muka taka zuwa Nassau. Titin siriri ne, benaye sun rufe shi ta kowane gefe rana da ƙyar take sauka. Inda lamba 126 take yanzu wani sabon dogon gini ne, ɗaliban jami'ar Pace suna ta shige da fice da jakunkuna. Babu allo babu alama. Yaron yace Abba nan ne? nace nan ne. Muka tsaya kamar minti goma ina ta ƙiyasta inda ƙofar take, da yadda yaro kamarsa zai manna fuska a gilashi yana kallon sanduna. Shi dai ya ƙosa mu tafi, na saya masa abin sha muka juyo.

6 ga Oktoba

Alhamdulillah yau suna ya fito. Ina goge wuyan hannun a zagaye na uku sai naga wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka wanda da na ɗauka faci ne saboda dauɗa, a hankali hoton ƙwallo ya bayyana da rubutu a tsakiya, harufan farko sun goge amma LDING yana nan raɗau. Spalding ce. Na kira yaron da ƙarfi har uwarsa ta fito daga kicin a tsorace.

To dole na koma kan Albert Spalding, kuma labarinsa da na safar hannu a ɗaure suke. An haife shi 1850 a jihar Illinois, ya zama gwanin jifa a Boston, 1876 ya koma Chicago, shekarar da aka kafa gasar National League, ya ci wasa 47 a kakar nan kaɗai. A shekarar ne kuma shi da ƙaninsa Walter suka buɗe shagon kayan wasa a Chicago da dala 800 da mahaifiyarsu ta ba su. A lokacin sa safa abin kunya ne, namiji da hannunsa yake tare ƙwallo, in yatsa ya karye a ɗaure a ci gaba. Shi kansa Spalding ya rubuta cewa a 1875 ya ga wani ɗan wasa Charles Waitt da safa mai launin fatar jikinsa, ya zaɓi launin ne dan kar 'yan kallo su lura su yi masa dariya. Wannan ya daɗe a raina. Mutum yana jin zafi amma kunyar neman sauƙi ta fi masa zafin. A 1877 da Spalding ya bar jifa ya koma tsaron zango na farko, inda mai bugu yake fara rugawa in ya buga, sai ya sa tasa baƙa ƙirin, kowa ya gani, kuma tunda shi gwani ne babu mai iya ce masa rago, sai saura suka samu ƙofa. Kuma kar a manta yana da shagon da ake sayar da ita.

Irin kansa kenan. Ya je wa National League yace zai ba su ƙwallo kyauta har ya ƙara musu dala ɗaya a kan kowane dozin, shi dai a ce ƙwallonsa ne na hukuma, to duk yaron da ke ƙasar sai ya ce shi irin na manya yake so. Ya karɓi buga littafin dokokin wasa na shekara-shekara da sunansa a bango. A 1888 zuwa 1889 ya kwashi 'yan wasa ya zaga duniya da su, Ostareliya, Masar inda suka buga a gaban dalar Fir'auna, Italiya, Faransa, Ingila. Sannan ya bi abokan hamayya ɗaya bayan ɗaya yana saye, kamfanin Reach na Philadelphia, Wright & Ditson na Boston, a 1894 ya haɗa da Peck & Snyder, shagon titin Nassau ya koma na Spalding. Abinda yafi bani mamaki bai goge sunayen Reach da Wright & Ditson ba, ya bar su a kan kaya, har ta kai ƙwallon National League yana ɗauke da sunan Spalding na ɗaya babbar gasar wato American League yana ɗauke da sunan Reach alhali tukunya ɗaya ce.

Gaskiya ina jinjina wa basirarsa amma raina yana tare da ƙananan da aka haɗiye. Na taɓa ganin yadda babban ɗan kasuwa yake shigowa layi ya saye rumfuna, ba a rasa kaya amma ana rasa wani abu, mai shagon da ya san sunanka da girman hannunka.

Yanzu dai na san safar da ke kan teburina jikar shagon da na je nema ce ta wajen gado.

12 ga Oktoba

Yau na yi ɓarna kuma ta dame ni. Na ga fatar tayi laushi sai na yi gaggawa na tura hannuna ciki in gwada, ɗan ƙaramin yatsa ya tsage daga ciki kamar rabin inci, na ji ƙarar a ƙirjina. Ashe wajen ne ya sha mai, shafin ciki yana nan a bushe. Abinda Baffa ya hana kenan. Na ajiye ta ban sake taɓawa ba sai bayan la'asar.

Na yanko siririyar fatar akuya na fefe bakinta da wuƙa har tayi kamar takarda, na shafa gam kaɗan na tura ta da tsinke na liƙa daga ciki, sannan ɗinki shida da zaren da na ja a kakin zuma. Daga waje ba a gani. Amma ni na san yana wurin.

Maɗaurin nan na tsakanin babban yatsa da manuni shi ya taimaka min da zamani. Safofin farko-farko na aiki ne kawai ake yanke musu kan yatsu a cusa ɗan abu a tafi, amfaninsu rage zafi, da hannu biyu ake cafewa. A shekarun 1880 Arthur Irwin na Providence ya karya yatsu biyu ya je wajen masu ɗinkin safa Draper & Maynard a New Hampshire suka yi masa mai ciko. A 1884 aka halatta wa mai jifa ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ƙwallo ya ƙara gudu, kunya ta kau dole. Har a 1895 aka sa doka cewa banda mai cafewa a baya da mai tsaron zango na farko, safar kowa kar ta wuce nauyin oza 10. Babban sauyin sai 1920 da kamfanin Rawlings ya fito da shawarar Bill Doak, mai jifa na St. Louis, a sa igiyoyin fata tsakanin babban yatsa da manuni su zama kamar raga, daga nan safa ta tashi daga garkuwa ta zama tarko. Tawa tana da maɗauri amma yatsunta ba a haɗe ba, dan haka a nawa lissafin tsakanin shekarun 1920 da 1930 take. Kusan shekara ɗari kenan.

20 ga Oktoba

Na bar safar ta huta na koma kan ƙwallo. Irin na da nake so, wanda turawan suke kira ɓawon lemo saboda fata ɗaya ce ake yanka mata kunnuwa huɗu a naɗo su su haɗu a sama, ɗinkin ya fito kamar alamar giciye, kamar dai ka ɓare lemo gida huɗu baka cire ba. A wancan zamanin tsohon takalmin roba ake narkarwa a dunƙule a yi zuciyar, a naɗe da zaren ulu, a rufe da fata, kowane mai yi da girman nasa. Sai a 1872 aka tsayar da awon da ake kai har yau, nauyi oza 5 zuwa 5 da kwata, kewaye inci 9 zuwa 9 da kwata.

Ni da ƙaramin ƙwallon roba na fara, na warware tsohuwar rigar sanyi ta ulu na yi ta naɗi ina juyawa, awa biyu, yatsuna har sun yi ja. Wajen fatar ne aka sha wuya, na yanka kunnuwan a takarda sau biyar kafin su haɗu ba tare da tattara ba. Na jiƙa fatar, ita sabuwa ce tana son ruwa, na huda da basilla na ɗinke, da ta bushe ta kama jikin ulun tam. Sai dai ya fito da ɗan tudu ta gefe ɗaya kamar ƙwai, in ka mirgina shi a ƙasa sai ya kauce. Naɗin ne bai daidaita ba. Zan sake.

31 ga Oktoba

Unguwar tayi tsit yau. Jiya Dodgers na Los Angeles suka doke Yankees suka ɗauke babban kofin besbol na World Series a nan cikin filin Yankees a wasa na biyar, yaron ya kwanta bai ci abinci ba. Ni kuma ina kallon wasan idona yana kan ƙwallayen da ake ta canzawa, da ya taɓa ƙasa sai alƙali ya jefar a kawo sabo, dozin-dozin a dare ɗaya. Kowane ɗaya a cikinsu da hannu aka ɗinka shi, ɗinki 108 da jan zare mai kaki da allura biyu, a masana'antar Rawlings da ke Turrialba a Kosta Rika, kafin nan a Haiti ake yi. Har yau inji bai karɓe wannan aikin ba. Na faɗa wa yaron da safe, yace Abba da gaske mutum ne yake yi? Na nuna masa yatsuna.

Da ba haka ake ba, ƙwallo ɗaya sai a yi ta bugu har yayi baƙi. A watan Agusta 1920 a filin Polo Grounds, tsallaken kogi kaɗan daga inda nake zaune, ƙwallo ya sami Ray Chapman na Cleveland a ka ya rasu washegari, bayan nan aka matsa a riƙa sa fari mai tsabta.

9 ga Nuwamba

Babban ɗakin karatu na New York yana riƙe da tarin takardu da hotunan Spalding, matarsa ce ta bayar bayan rasuwarsa a 1915, kuma sun sa hotuna da yawa a intanet. Daren jiya har ƙarfe biyu ina ciki. Na ga masu cafewa na farko da yatsu a karkace kamar saiwar bishiya. Na bi labarin garkuwar fuska ta waya, wadda Fred Thayer ɗalibin Harvard ya ƙirƙira yana kwaikwayon ta masu wasan takobi, abokinsa James Tyng ya fara sawa a 1877, da abin kare ƙauri da Roger Bresnahan ya fito da shi fili a 1907 a nan New York 'yan kallo suna masa ihu. Kowane kaya da ka gani a jikin ɗan wasa sai da wani ya fara jin ciwo, sannan wani ya daure wa dariya, sannan mai shago ya sa masa farashi a katalog.

Amma ga abinda yake cin raina tun ranar da na leƙa cikin safar nan. Sunan mai shago yana kan ƙyalle, sunan ɗan wasa ana buga shi a tafin safa, wanda ya ƙirƙira yana da takardar mallaka. Wanda ya jeme fatar fa, da wanda ya yanka, da wadda ta zauna a keke ta bi lungun ƙaramin yatsan nan bata karkace ba? A Natick ta jihar Massachusetts inda Harwood ya kafa masana'antar ƙwallo tun 1858, mata ne suke karɓar aikin ɗinke fatar suna yi a gidajensu. Ko yankan nan mai kama da lamba 8 da ake rufe ƙwallo da shi yanzu, cikin waɗanda ake danganta shi da su akwai Ellis Drake, ɗan mai ɗinkin takalmi. Haka mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi shekara arba'in yana ɗinka jaka da kube, suna tafiya garuruwan da bai taɓa zuwa ba, babu ɗaya mai sunansa. Ina ganin shi ya sa na kasa barin safar nan a kwali.

17 ga Nuwamba

Ƙwallo na biyu ya fito daidai. Wannan karon duk naɗi ashirin sai in juya shi kwata, in mirgina a tebur in gani. Na auna a sikelin kicin ya ba ni giram 144, yana cikin awo. Fatar launin ƙasa, zaren fari.

Safar ma na gama mata maɗauri, na yanko igiya daga fatar saniya na rina ta da ruwan shayi mai kauri dan kar tayi sabunta da yawa a jikin tsohuwa, na bi ramukan asali ban huda sabo ko ɗaya ba. Maɓallin na jiƙa shi da ɗan mai na goge tsatsar, yana rufewa yana buɗewa.

Bayan azahar muka fita filin unguwa da yaron, sanyi ya fara shiga, nace a hankali zaka jefo. Na sa hannu, ta shiga lafiya. Jifa na farko ƙwallon ya daki tafin ya faɗo ƙasa, na biyu ma haka, dan na saba ganin tasa da take haɗiye ƙwallo da kanta. Sai na tuna hotunan, na kawo hannun dama na rufe a kai lokacin da ya sauka, ya zauna. Ƙarar ma daban ce, wani ɗan tim mai taushi. Sau goma muka yi na ce ya isa, bana so in wahalar da ita. Yaron ya karɓa ya gwada, ya yarfe hannu yace Abba da zafi, da wannan suke tare na manya? nace da wannan, kafin ita ma da hannu tsirara. Yayi shiru yana jujjuya ta, sai ya tambaye ni ko zan koya masa huda da basilla.

24 ga Nuwamba

Na tura wa Baffa bidiyon, yace facin cikin ƙaramin yatsa in riƙa duba shi duk wata, kuma kar in ajiye ta kusa da hita. Na naɗe ta a farin ƙyalle da ƙwallon a cikin tafin dan ta riƙe siffa, tana cikin durowa.

Abinda ya rage: cikon tafin ya lallatse ta gefen babban yatsa, sai na samo matsattsen ulu na gaske kafin in buɗe, bana son soso. Sannan ƙwallo na uku irin na yanzu mai fata biyu da ɗinki 108, na riga na zana lamba 8 ɗin a kwali, yaron ne zai huda ramukan gefe ɗaya ni in yi ɗayan, yau ya gwada a ragowar fata ya huda goma sha biyu, tara sun hau layi. Akwai kuma masu buga besbol da dokokin 1864 a Old Bethpage can Long Island, da kayan zamanin kuma babu safa, in bazara ta dawo insha Allah zan kai musu ɓawon lemon nawa su buga shi da sanda in ga ko ɗinkin zai riƙe. Gobe zan leƙa wajen masu kayan ɗinki a Manhattan neman ulun da jan zare.